Yadda Za Ki Ce wa Suruki Murjaninsa Girma Yake Yi

Ke da surukinki ya tafi hutu da 'yarki ya bar miki makullin gida, matso kusa. Dabarar nan an gwada ta a kan maƙwabciyata Mai Tabarau, kuma in kin bi ta, ba za ki kunyata ke kaɗai ba.

Mijin 'yarta likitan haƙori ne. A falonsa akwai akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, yana kiwon murjani a ciki. Ba na wuya ba, mai rai, mai rassa kamar ƙahon barewa, ruwan ƙasa da kore. Ya ce ta kula masa da shi kwana goma. Mahaifiyarsa ma ta so makullin nan, da firij ɗin da ke bayansa, amma Mai Tabarau aka ba. To ki riƙe wannan: in murjani ya mutu, makulli ya koma can.

1. Ki ji tausayi

Takardar da ya manna a bango, kar ki karanta. Ke da kika raini yara shida, takarda za ta koya miki raino? Mai Tabarau ta tsoma yatsa ta ji ruwan da sanyi, ta ce, "Wayyo, bayin Allah, mura zai sa musu!" Ta kashe injin da ke sanyaya ruwan, dama gurnaninsa na hana ta jin hirar maƙwabta. Ta yaye labule su sha hantsi.

2. Ki san fari iri biyu ne

Daga baya Likita ya yi bayani, ni kuma ina bayan taga. In murjani na girma, kan reshen kaɗai ke yin fari, ɗan kaɗan kamar bakin farce, sauran jikin na nan da launinsa, 'yan gashin jikinsa na rawa a ruwa. In kuwa ya koɗe daga sama har gindi, gashin ya shige, zafi da haske ne suka dafa shi. Ki haddace na farkon. Na biyun ba ruwanki da shi.

3. Ki yi murna da wuri

Kwana na bakwai duk akwatin ya yi fari fat. Mai Tabarau ta kira 'yarta a waya: "Ki gaya wa mijinki dattin nan duk ya fita. Ƙazanta ce dama irin ta maza." Ta kira mahaifiyar Likita ma ta zo ta ga aikin hannu. Wannan kuskure ne. Ba a gayyato shaida.

4. Ranar dawowa, ki riga shi magana

Tun bai ajiye jaka ba ki ce, "Likita, albishirinka, sun yi tsiro!"

Haka Mai Tabarau ta yi. Shi dai ya durƙusa gaban gilashi, ya daɗe, kamar mai duba ruɓaɓɓen haƙori. Ya ce, "Mama, tsiro a kai yake tsayawa. Wannan har gindi."

"To ba sai ka gode ba? Gaba ɗaya suka tsiro."

"Mama, wa ya kashe injin?"

"Ni ma kaina fari ne fat, ka ga an binne ni?"

'Yarta ta ce, "Mama, don Allah ki yi shiru." Haihuwa ke nan, ranar wanka ba a ɓoye miki cibi.

5. Ki miƙa makulli da hannu biyu

Reshe uku suka farfaɗo, sauran gansakuka ta rufe su. Da wata tafiyar ta taso, makulli ya tafi wurin mahaifiyarsa. Kar ki ɓata rai. Mai Tabarau da kanta ta raka ta har bakin akwati, ta riƙe mata jaka, ta rage murya ta ce, "'Yar'uwa, amana tsakanina da ke: yaran nan ba su san raino ba. Abin nan hantsi yake so."

Sharaɗi: in abin ya ɓaci, ban san ki ba, ban san murjani ba, ko kifi sai a faranti. Wanda ya ce ya gan ni da tabarau kuma, na karatu ne. Labulen can ma da kuka gani a yaye tun shekaranjiya, makulli dai ba a hannuna yake ba.