Buzun Da Na Jeme Wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, da ranar da na mai da dattijo rago a gaban jama'ar Matameye.

Mu gidanmu jima muka gada. A lokacin Nasara bai zo ba, fatake ke kwasar jar fatarmu su yi arewa da ita a kan raƙuma. Aikin Baba ke nan tun da na buɗe ido: a jiƙa fatar akuya a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a tsoma ta a ruwan bagaruwa, a shafa mai, a rina da karan dafi. Iyakar sanina ke nan, amma a ganina duk garin babu wanda ya kai ni. (Gemu bai gama fito min ba, girman kaina kuwa ya isa a raba wa unguwa.)

Sai Allah ya ɗora min son Hajo, 'yar Malam Tanko marini. Ita ma ba ta ƙi ni ba. Matsalar ita ce marina na ganin sun fi mu, suna cewa majemi hanci ke fara yi masa maraba kafin ido. (Ba ƙarya suka yi ba, sai dai su ma karofinsu ba turare ake zuba masa ba.) Baffana ya je da maganar, Malam Tanko ya ce a bari ya ga hankalin yaron tukuna. Ga kuma wani ɗan masaƙa daga Yauri yana ta zarya a ƙofar gidan. Na san in na yi sake, ina ji ina gani za a kai Hajo ɗakin wani.

Na ce to, bari in nuna masa hankalin. Na lura buzun da yake zama a kai ya tsufa, gashinsa duk ya goge. Na samo fatar wani farin rago mai yawan gashi, na ƙudura ni zan jeme ta a ɓoye, don kada a ce Baba ne ya yi min.

Ga inda gizo ke saƙar. Mu ba ma yin buzu a gidanmu. Shi buzu gashinsa ake so, saboda haka ta ciki kawai ake shafa masa bagaruwa, ba a kai shi kusa da toka. Na taɓa jin haka sama-sama. To gashin ya yi dauɗa, na wanke ya ƙi fita, ga ruwan toka a gabana, hannuna kuma ya saba. Na ce ai tsomawa daban, jiƙawa daban. Ina tsomawa Baba ya kira ni kankara, ban dawo ba sai da rana ta juya. Da na ciro fatar ta yi fari fat kamar auduga. Na ja gashin, 'yan kaɗan suka biyo hannuna, na ce ai ko rago mai rai yana zubar da gashi. Na ƙarasa aikina, na shanya a inuwa, na ba Baffa ya kai.

Ana haka aka sa ɗaurin auren yayar Hajo, a tsakiyar bazara. Ranar Malam Tanko ya fito da korensa, wato rigar nan baƙa mai sheƙin shuni da marini ke ji da ita. Uwargidansa ta kaɗa zaren, wani masaƙi a Icirnawa ya saƙa, shi da kansa ya rina, mabuga suka buge ta har tana ɗaukar ido. A hammatarsa kuwa buzuna ne. Ya shimfiɗa shi a gindin tsamiya, ya zauna, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Wannan ɗan gidan majema ya yi min, da hannunsa."

Ina can baya cikin samari, na sunkuyar da kai irin na kunyar suruki, alhali zuciyata rawa take. Baba ya waiwayo ya dube ni, ya dubi buzun.

Dangin ango daga Tsauni suka yi latti. Rana ta take, iska ta ɗauke, gumi ya jiƙa kowa sharkaf. Malam Tanko ya gyara zama dama, ya gyara hagu, ya jingina, ya sake gyarawa. Can aka hango baƙi, sai ya miƙe don ya tarye su, ya ba taron baya.

Jama'a, daga ƙugunsa har ƙasa fari ne fat. Gashin ragon nan kaf ya manne a jiƙaƙƙen kore, yana tafiya wani na tashi a iska. A kan buzun kuwa ga fili biyu tas, daidai inda ya zauna. Dattawa suka shiga gyara rawani suna toshe baki. Da an bar shi haka da sauƙi, amma maroƙi ba ya ganin abinci ya wuce.

"Allah ya ja zamanin Malam! Ya zauna mutum, ya tashi rago!"

Aka kece. Har matan da ke leƙe ta kan darni na ji muryoyinsu. Ɗan Yauri ya yi dariya har da faɗuwa yana dukan ƙasa. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Wallahi dariyar ba ta ƙona min rai ba kamar yadda na ga mutumin da ya girmama ni a bainar jama'a, shi na tozarta a ranar auren 'yarsa.

Malam Tanko ya murɗa wuya ya dubi bayansa, ya tsinci gashi ya duba. Ya gaisa da baƙinsa a haka, ya dawo ya sake zama a kan buzun.

"A ɗaura aure," ya ce. "Gashin da ya rage bai kai wanda na ɗauka ba."

A hanyar gida Baba ya yi min tambaya ɗaya. "Toka?"

"Kaɗan ce, Baba."

"Toka ba ta da kaɗan."

Washegari ya tasa ni gaba muka je ba da haƙuri. Na durƙusa a zaure. Malam Tanko ya ɗauko rigar ya ajiye a gabana.

"Yaro, kore ba a wanke shi, sheƙin zai tafi. Ba a kuma goge shi da ƙarfi. Tsincewa ake yi."

Haka na yi ta zuwa kullum ina tsintar gashi ɗaya bayan ɗaya, yatsuna suka yi shuɗi har farce. Masu wucewa na yi min sannu da kiwo. Wata rana ina cikin aiki na ji an yi kukan tunkiya ta bayan katanga, aka bi shi da dariyar da na sani. (Hajo ce. Har yau tana musu.) Ban san ko in ji daɗi ko in yi kuka ba, domin na riga na cire rai.

Ranar da na gama, Malam Tanko ya ɗaga rigar a hasken ƙofa ya duba ta ciki da bai, ya ninke.

"Na zaci Kano za ka gudu," ya ce. "Kai ka ɓata min riga ka zauna ka gyara. Wancan na Yauri kuwa na gan shi yana birgima, kuma ba na ba da 'ya ga mai yi min dariya. Ka ce wa baffanka ya dawo."

Na fito zauren nan ina share hawaye da hannu, ban sani ba ashe shuni nake shafa wa fuskata. A haka na ratsa kasuwa ina gaishe da mutane.

Tun daga ranar, abin da ban iya ba nakan tambaya, ko da za a ce min jahili. Kuma duk abin da zan ba babban mutum ya zauna a kai, sai na jiƙa wandona na fara zama a kai tukuna.