Ruwan da Na Saukar a Hawandawaki

Ranar da na gama haɗa sanarwa a manhajar ƙungiyar manomanmu ta Tasawa, ji nake duk Maradi babu mai kai irin nawa. In ruwan shuka ya sauka a wani gari, wayar kowa za ta yi ƙara. Abokin aikina Sanusi ya ce, "Ware wayarka kaɗai kafin ka gwada, kar saƙon ya je wa kowa." Na ce ni ba ɗan koyo ba ne.

Don gwaji na rubuta, "An yi ruwa sosai a Hawandawaki, a fita shuka," na danna. Wayata ta yi ƙara, na yi murmushi. Sai ta Sanusi ta yi. Sai ta mai shayin ƙofar biro.

Lokacin kuwa kowa idonsa na sama, iri na ƙulle. Kafin in aika gyara, masu gona a can sun hau kabu-kabu. Kawuna Ilu har 'yan ƙwadago ya ɗiba. Suka tarar da yashi mai ƙona ƙafa.

Har yau, ko hadari ya haɗu baƙi ƙirin, sai Kawu ya leƙo ya ce, "Ɗana, mu kwashe shanya, ko ba ka danna ba tukuna?"