Yaƙin Inci Ashirin da Biyu

Bayan godiya ga Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ga tarihin gwarzon zamani, Alhaji Mamuda ɗan Barau, jikan Tanimu Madugu, wanda ya kai ayari Gwanja sau tara, bai kuma taɓa sayen jaki ba sai ya ɗaga kofatonsa ya duba. Mamuda Maƙi-fetur, Gagara-layi, damisa mai tafiya ba gurnani, shi ne farkon wanda ya shigo unguwa da mota mai lantarki, irin wadda kafin ka ce bismilla ta wuce kasuwa.

Duniya duk ta sallama masa, ban da Gwaggo Ladidi, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta ce abin da ba ya kuka ba ta amince masa da ƙashinta ba. Sai da aka yi wata uku ana aiken manzanni kafin ta yarda ya kai ta Ringim sunan tattaɓa-kunnenta, bisa sharaɗi ɗaya: ta iske raɗin suna. In ta makara, shi da motarsa sun shiga bakinta har ƙarshen rayuwa, kuma duk zuriyar Madugu sun san bakin Gwaggo.

Sai Mamuda ya ɗaura ɗamarar zaɓen ƙafafun mota. Ya tara shehunan majalisa, ma'abota hikima da faɗin waya, waɗanda ba ɗayansu da ya taɓa kwance noti, suka yi ijma'i cewa girman rim, wato ƙarfen da ake sa wa taya, shi ne girman mutum. An daɗe ana faɗar haka, kuma abin da aka daɗe ana faɗa ba a cika tambayarsa hujja ba. Mutum ɗaya ya saɓa, Malam Hashimu mai faci.

"Alhaji, batirin motar nan kaɗai ya fi bijimi nauyi. Ka sa inci goma sha tara, ka bar wa taya nama."

"Hashimu, kai faci ka sani. Ni martaba nake nema."

"To, Allah ya sa hanya ta san martaba."

Gwarzo ya ɗaga hannu sama ya yi kururuwar yaƙi: "Ashirin da biyu ko a fasa tafiyar!" Aka ɗaura rim huɗu masu walƙiya kamar farantan jere, kowanne an yi masa ɗan zagayen roba siriri kamar kwalli a ido.

Ranar Asabar da hantsin fari rundunar ta tashi. Gwaggo a baya da kwanon alkaki bisa cinya, Mamuda a gaba, zuciyarsa cike da niyyar nuna mata abin da ake kira gudu. Ya taka, mota ta zabura, gidaje suka yi baya, kaji suka watse, sai ga abokin gaba kwance a tsakiyar layi: tudun siminti da Mamuda da kansa ya sa aka gina bara don hana 'yan acaɓa gudu, har ya ce wa magini ya ƙara masa tsawo.

Aka gwabza. Tudu bai motsa ba. Tayar gaba ta saki dogon numfashi, rim ya lanƙwashe kamar bakin tsohuwar tasa. Gwarzo ya buɗe but ɗin mota neman tayar safaya, a nan ya samu ilimin da majalisa ba ta karantar ba: wannan mota ba ta zo da ita ba.

Gwaggo ta fito a natse, ta tsayar da adaidaita sahu zuwa tasha.

"Gwaggo, minti goma kawai, yanzu Hashimu zai zo."

"Ka gaishe shi, ɗan nan. Kakanka dai kofato yake dubawa."

Masana sun auna fagen faman daga ƙofar gida zuwa tudu, suka samu taku arba'in da ɗaya. Gwaggo ta iske raɗin suna a motar haya mai hayaƙi, ta kuma ba matan gidan labarin tun kafin a raba goro. Batiri kuwa, don a yi adalci, yana nan cike.