Tanimu da Rediyon 'Yan Kwana-Kwana

Wani mutum ne a unguwarmu ana ce masa Tanimu Kunnen Hukuma. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ba wanda ya roƙe shi. Ɗinkin hula ne sana'arsa, amma in ya buɗe baki sai ka rantse da shi ake shawarar tsaron ƙasa.

Wata ranar kasuwa ya dawo da wata baƙar rediyo ta gwanjo, 'yar ta hannu, mai dogon tsinke da maɓallai jere kamar haƙoran akuya. Ya ce wannan ba ta waƙa, ba ta labarai. Maganar 'yan sanda da 'yan kwana-kwana take kamowa, in an saita ta a kan lambobinsu. To saitin ne aiki. Ya shige ɗakinsa na ƙofar gida yana ta danne-danne, tit, tit, tit, ita kuma tana ba shi amsa da shuuu, kamar ruwa ya faɗa mai a kasko. Hulunan mutane suka yi ƙura.

Da abin ya ƙi, sai ya ɗauke murfin tukunyar matarsa Ladidi, ya ɗaure a kan doguwar gora, ya kafa a saman rufi. Ya ce shi ne zai riƙa janyo magana daga sama. Ba waya ko ɗaya da ta haɗa murfin da rediyon, amma ba wanda ya tambaya. A ɗakin kuma ya ajiye tsohon batirin mota, da wayoyi tsirara a murɗe, wai wurin caji. Ya sa ƙofar ƙarfe, ya garƙama mata kwaɗo kamar kan jariri, makulli a aljihunsa.

Ladidi ta ce, "Malam, wayoyin nan ƙauri suke yi."

Ya ce, "Ƙaurin ilimi ne. Ki tsaya a kan tuwonki."

Allah da ikonsa, ran nan rediyo ta yi magana. Ta kamo 'yan kwana-kwana. Tanimu ya sa babbar riga bayan la'asar, ya ratsa gari har bakin tasha, rumfar Sallau mai faci, inda mazan unguwarmu suke zaman kashe wando. Ya ɗora rediyon a kan taya.

"Kowa ya kashe wayarsa," in ji shi. "Tana tsoratar da magana."

Mutanenmu kuwa kun san su. Maza da gemu, waɗanda ko kan akushi ba sa ajiye waya, kowa ya kashe tasa ya miƙa wuya. Da mu mata aka bari mu je, da mu ma mun kashe namu, gaskiya ɗaya ce.

Sallau ya ce, "To ranka ya daɗe, su sun san kana jin su?"

"Sun san da zamana. Ku dai ku sa kunne. Wata rana a cikin nan za ku ji an ambaci sunana."

Bai rufe baki ba sai ƙarrr, ƙarrr, wata murya ta fito: "Mota ta ɗaya, ku fita. Gobara a ɗakin ƙofar gida, bayan tsohuwar rijiya."

Ba a jima ba sai ga jar mota ta wuce ta gabansu, wiii, wiii. Rumfa ta kaure da salati. Tanimu ya gyara zaman hula, ya harɗe ƙafa. A ransa ya ji yau sarauta ta tabbata.

"Kun gani? Tun motar ba ta tashi ba na sani."

Wani ya ce, "Bayan tsohuwar rijiya ai wajen unguwarmu ne."

"Zauna, malam. Rijiya nawa ce a garin nan? Da unguwarmu ce ai da ni za su fara sanarwa."

Mutumin ya zauna.

Ƙarrr. "Mun iso. Da alama wayoyin caji ne aka bari a jone."

Tanimu ya tafa hannu. "Jahilci ke nan. Mutum bai san kan wuta ba ya ce sai ya taɓa. Irin waɗannan bulala ya kamata a yi musu a bainar jama'a."

"Ƙwarai kuwa," in ji Sallau.

Ƙarrr. "Ƙofar ƙarfe ce, an sa mata ƙaton kwaɗo. Maigidan ba ya nan. An kira wayarsa, a kashe. An kira na maƙwabta maza, duk a kashe."

"Kun ji sakarai," in ji Tanimu. Amma wannan karon muryarsa ta ɗan yi laushi, hannunsa ya lallaba aljihu ya taɓa wani abu mai sanyi. Mazan rumfa suka fara duban wayoyinsu, suna duban juna.

Ƙarrr. "Mota ta biyu, in kun shigo layin ba za ku ɓata ba. Gidan da aka kafa gora da murfin tukunya a sama."

Gumi ya keto wa Tanimu daga ƙarƙashin hula. Ya kai hannu zai kashe rediyo, Sallau ya riƙe masa wuyan hannu.

"A'a, ranka ya daɗe. Kada ka tsoratar da magana."

Ƙarrr. Muryar ta dawo, ana jin mai ita yana danne dariya.

"Matar gidan ta ce mijinta yana bakin tasha yana sauraronmu. To Malam Tanimu, in kana ji, ka taimaka ka kawo makulli. Ta kuma ce a gaya maka, murfin tukunyarta ne kaɗai bai ƙone ba."

Tanimu ya zabura, babbar riga ta harɗe shi, tim, ya kife a kan taya. Ya tashi da takalmi ɗaya ya ranta a na kare. Sallau ya ɗaga rediyon ya bi shi da murya:

"Kunnen Hukuma, ka bar kunnen a nan. Ga shi har sun ambaci sunanka."