Batir a Cikin Jiƙaƙƙen Buhu

Wata uku na yi ina bincike kafin na sayi keken lantarki mai hawa duwatsu. Ko a lokacin ban ce ya fi babur ba. Na dai ce wa Baba wataƙila.

Takardar keken ta ce zafi na kashe batir, ga shi bazara ce a Dutse. Sai na tuna yadda Inna ke naɗe jarkar ruwa da jiƙaƙƙen buhu. Na naɗe batirin haka, ina yayyafa masa ruwa bayan kowace salla. Har maƙwabta na yi wa bayanin hikimar.

Ranar da zan fara hawa, na danna maɓalli, shiru.

Mai gyara ya buɗe batirin, ruwa ya tsiyayo. "Malam, ka ce digiri gare ka?"

"Ai zafi nake guje masa."

"To, zafi ba zai ƙara damunsa ba."

Har yau ban san ko keken ya cancanci saye ba. Inna ce dai, duk sanda ta jiƙa buhunta, sai ta leƙo: "Injiniya, a jiƙa da naka?"