Rasuwar Ta-Soja, Kat-kat ɗin Hamani, Bayan Jinyar Wata Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani takaicin da ya fi baƙin cikin ɗaci, ni Hamani Magagi na Filinge nake sanar da ƴan uwa, da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa tura ta, rasuwar motata kat-kat, mai ja da ƙafa huɗu, wadda ƙasar Kurfai duka ta sani da Ta-Soja. Ta cika ranar Talata da hantsi, saura kilomita huɗu mu shiga Tabla, ɗauke da buhun hatsi tara da mata uku.

Marigayiya ta shigo ƙasar nan zamanin mulkin soja, tana aikin ma'aikatan gona. Da farar hula suka karɓi mulki aka yi gwanjonta, ta faɗo hannuna. Juyin mulki uku ta gani a ƙofar gidana, ko ɗaya bai hana ta tashi da safe ba. Ta yi tarinta, kaf-kaf-kaf, sannan gurum, unguwa ta san gari ya waye. Ba ta taɓa raina kaya ba. Rairayin hanyar Bonkuku da ke cinye sababbin motoci, ita ratsa shi take yi kamar ta shiga tsakar gida. Mata nawa ta kai likita suna naƙuda, ban ƙirga ba, amma akwai biyu da ba su kai ba, a kujerar baya suka haihu.

Ciwon ajalinta ya fara bayan girbi. Wata ƴar ƙara ce daga gaba, firrrr, kamar an kama buzuzu a gwangwani. In na taka mai ta ƙaru, in na saki ta ragu, kuma ko a tsaye take muddin inji na aiki tana yi. Wannan bayanin shi na yi wa likitocinta uku, kuma dukansu sun gyaɗa kai kamar masu saurare.

Na farko Isufu, mai garaji a bakin kasuwa. Ya ce rulman ƙafa ne, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Na ce ƙafar da ba ta juyawa yaya za ta yi kuka, ya ce in bar wa masu sana'a sana'arsu. Ya sauya huɗu. Firrrr. Na biyu Garba, wanda ya yi shekara biyu a Yamai, shi ya sa ba ya magana sai da rabin Faransanci. Ya sauke giyar motar ƙasa, ya kwana goma yana kallonta, ya mayar, tun daga ranar ba ta sake yin baya ba. Firrrr.

Na ukun Kailu, kuma ina rubuta sunansa ne hannuna na ƙyamar alƙalamin. Ya kara kunne a jikinta, ya rufe ido, ya ce cutar tana can cikin zuciya. Ya buɗe kan inji a filin Allah, a kan rairayi, awaki na tsallaka kayan cikinta. Da ya gama haɗawa ƙusa bakwai suka rage a kwano. Ya ce Nasara ne ke cika ƙusoshi don almubazzaranci. Ni kuma, babba da gemu, na ce to. Tir da shi, tir da ni. Kwana shida ta yi bayan nan tana zubar da baƙin mai, ta yi wani kwararrab sau ɗaya, ta yi shiru.

A wajen wankan gawa aka gano cutar. Ina kwance ƙarƙashinta da soso sai na ga wani abu yana reto a bayan fankar inji. Laya ce, ɗinkin jar fata, ɗaure da igiya, gefe ɗaya duk fanka ta goge shi. Wuƙar yankan albasa ta ishi wannan ciwon. Matata Hadiza ta ga layar a hannuna ta zauna a ƙasa. Ashe mahaifiyata, Inna Dijatu, da ta ji labarin wata mota da ta kife da ƴan kasuwa, ita ta sa aka yi, ta sa Hadiza ta buɗe mata gaban motar ina masallaci, kuma ta rantsar da ita kada ta faɗa wa kowa, don layar da aka faɗa ta karye. Wata uku ina yi wa Hadiza kukan firrrr a kan tuwo, ita kuma ta ɗauka alamar layar na aiki ce.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, da Hadiza, da tayoyi huɗu masu sauran kwana, da rulma huɗu sababbi dal da ba su san laifin da suka yi ba, da ƙusa bakwai marayu.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar. Shanun maƙwabcina Alu, waɗanda suka jawo ta daga hanyar Tabla, su za su kai ta makwancinta ƙarƙashin gawon bayan gida, inda kaji suka riga suka fara zaman makoki. Isufu da Garba su yi addu'a daga inda suke. Kailu kada ya biyo ta layinmu.

Roƙo ɗaya nake yi ga masu zuwa ta'aziyya. Inna za ta zauna a zaure, shekarunta tamanin da ɗoriya, kuma ba ta san layarta ce tushen ciwon ba. Kowa ya kama bakinsa. Jiya ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce ba don layarta ba da motar da ni a ciki za ta tafi, na ce haka ne, Inna. Ta karɓi abarta, ta sa an sake mata ɗinki. Yanzu haka tana wuyana.