Ƙanwata ta Tirmini

Ko da zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa wurin likitar damuwa ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Damagaram, na daɗe ina aikin dare, wanda muke kira gardi. A hankali barci ya ƙaurace mini. In na koma gida da safe sai in kwanta ido biyu, gabana yana faɗuwa, ina tunanin ko na manta ban canza wa wani ƙarin ruwa ba. Wata rana murfin tukunya kawai ya faɗi na fashe da kuka.

Asibitinmu ya kawo wata mata, Madam Zainabu, aikinta sauraron masu irin wannan damuwa. Sai dai ofishinta yana jikin sashen masu taɓin hankali. In aka gan ni a can, kafin la'asar labari ya kai unguwarmu Zango cewa matar wane ta zare. To wa zai ƙara yarda in yi wa ɗansa allura?

Sai na yi dabara. Ina sauka daga gardi na zumbula hijabi, na ɗaura niƙabin aro (ni da ko ranar aurena sai da aka yi ta ja mini mayafi), na zagaya ta bayan ɗakin magani. Na zauna, na shaƙe murya kamar tsohuwa.

"Madam, ba ni ba ce fa. Ƙanwata ce, can Tirmini. Ba ta barci, ga yawan kuka."

"Allah sarki. Me take yi?"

"Noma. Gero da gyaɗa."

"To me ke hana ta barcin?"

Nan fa bakina ya kwance. Na ce tsoro take kar maras lafiya ya mutu a hannunta. Na ce ita kaɗai ake bar wa ɗaki cike da gadaje, in gari ya waye majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ya hau ta da faɗa. Manomiyar gyaɗa fa! Ina yi ina kuka, niƙabin mutane ya jiƙe sharkaf. Madam ko murmushi ba ta yi ba.

Da na gama ta miƙo mini ruwa, ta kira sunana, har da na babana. Sannan ta nuna ƙafata.

Takalmin roba ne na aiki. Mu 'yan gardi kowa yana rubuta sunansa a kan nasa, don a ɗakin hutu ana yawan musanya su. Ni kuwa da zafin kaina, dama da hagu na rubuta, manya-manya, da jan fenti. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Cire abin nan ki sha iska, 'yar'uwa," in ji ta. "Abin da aka faɗa a ɗakin nan, nan yake tsayawa. Ba hauka gare ki ba, gajiya ce ta taru, kuma tana da magani. Ba ke kaɗai ke zuwa ba."

Wallahi sai na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na ci gaba da zuwa, ta koya mini yadda zan ja numfashi in zuciya ta tsinke, ta sa baki aka rage mini darare. Barci ya dawo, har maigida yana ƙorafin minshari.

Yanzu in na hangi wata da niƙabi tana zagayawa ta bayan ɗakin magani, sai in kau da kai, ba na kallon ƙafarta. Ni dai na koyi darasi: mai shirin ƙarya ya bar takalmin aiki a gida, wanda ya gaji kuma ya ce ya gaji.